Injin gashi mai cin felet ko rabin duro da gawayi: wanne zai yi mini a Gombe?

Baban Ilham, Tumfure:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar gashi. Shawara nake nema, kuma ina so in same ta kafin ƙarshen watan nan, domin ƙanina da ke zaune a Amurka zai haɗa kaya a kwantena, ya ce in faɗi abin da nake so ya saka mini.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Mahaifinmu ya haura shekara 80, haƙoran taunarsa duk sun zube. Mutum ne mai son gasasshen nama tun yana da ƙarfinsa. Muna yara a Jekadafari, in aka yi albashi ba ya shigowa gida sai da ƙunshin balangu a aljihun babbar riga, mai ya ɓata takardar, mu kuma mun yi layi a bakin tabarma. Yanzu in an kawo tsire sai ya ɗauki yanka ɗaya, ya tsotse yajin, ya ajiye a gefen faranti.

Da Babbar Sallar bara na ce ni da kaina zan gasa masa cinyar rago. Abin da nake da shi rabin duro ne buɗaɗɗe da raga a kai. Na cika gawayi, wuta ta kama sosai, na ɗora. Bayan awa ɗaya da rabi bayan naman ya yi baƙi, na tsaga, can kusa da ƙashi jini ne. Na mayar na ƙara masa lokaci, ya fito a bushe, wuƙa ma da ƙyar take shiga. Baba ya karɓa ya sa mini albarka, ya ce ya yi daɗi. Amma ni na ga farantin lokacin da aka fito da shi daga ɗakinsa. Abin nan yana raina har yau.

Da na ba ƙanina labari sai ya kira ni ta bidiyo ya nuna mini nasa injin gashin a bayan gida. Wasu ƙananan 'ya'yan katako yake zubawa, kamar felet ɗin abincin kifi, ya danna lambar zafin da yake so, ya rufe ya tafi ya kwanta. Da safe ya nuna mini ƙirjin saniya yana yagarsa da yatsu biyu. Ya ambaci Traeger da Pit Boss da Camp Chef, ya ce in zaɓa, ko sabo ko wanda aka ɗan yi amfani da shi.

To ga abin da ke damuna. Ya ce sai da lantarki yake aiki, mu kuwa kun san yadda wutar take. Sannan in felet ɗin da ya aiko ya ƙare, ina zan samu wani a Gombe? Kuma zai yi mini tsire da balangu irin namu, ko naman Turawa kawai ya iya? In kuma bai dace da ni ba, me ya kamata in ce ya aiko a madadinsa? Wanda ya taɓa amfani da shi a nan ƙasar, don Allah ya taimaka.

Injiniya, Fadaman Mada, Bauchi:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Ina da irin injin nan shekara 3 ke nan, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Ka fara fahimtar yadda yake aiki, sauran amsoshin za su fito da kansu. A gefe akwai akwatin da ake zuba felet. A ƙarƙashinsa akwai wani dogon ƙarfe murɗaɗɗe, irin wanda ke cikin injin markaɗe, shi ke tura felet kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kofin ƙarfe a tsakiyar injin. A cikin kofin akwai sandar da lantarki ke gasawa har ta yi ja ta kunna felet ɗin, ga kuma fanka tana hura iska. Wata 'yar kwamfuta tana auna zafin ciki, in ya sauka ta ƙara turo felet, in ya hau ta rage. Wani Ba'amurke mai suna Joe Traeger ne ya ƙirƙiro shi a jihar Oregon, ya yi masa rajistar mallaka a shekarun 1980. Sai da wa'adin rajistar ya ƙare sannan sauran kamfanoni suka shigo, shi ya sa yanzu sunayen suka yi yawa alhali tsarin ɗaya ne. Bambancinsu ƙanana ne: wasu na Camp Chef suna da hannun da za ka ja toka ta zubo a kofi, wasu na Pit Boss kuma suna da farantin da ake zamewa harshen wuta ya taɓa nama.

Maganar lantarki ba ta kai yadda kake tsoro ba. Lokacin kunnawa ne yake jan kusan wat 300 na 'yan mintuna, daga nan ya koma wajen wat 50, fanka da ɗan moto kawai. Ƙaramar inbata da batir ɗaya sun riƙe shi. Inda za ka kula shi ne, wanda aka yi don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, mu kuwa namu 230 ne. Ka jona shi kai tsaye, ka ƙone kwamfutar nan take. Dole sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ko kuma a samo wanda aka yi don Ingila, wanda har filoginsa irin namu ne mai ƙafa uku.

Amma kada ka yarda ka jona shi da wutar gari kai tsaye ba inbata a tsakani. Ni na yi wannan kuskuren a watan farko. Na sa haƙarƙari da daddare, aka ɗauke wuta ina barci, aka dawo da ita, na tashi na sake kunnawa ban leƙa kofin ba. Ashe felet ya taru a ciki bai ƙone ba. Sai wani farin hayaƙi mai kauri ya cika tsakar gida, can sai ji na yi fuu, murfin ya ɗaga, wuta ta kama kitsen da ke kan faranti. Allah ya kiyaye yara ba sa kusa. Laifina ne, littafinsa ya faɗa ƙarara cewa in ya mutu a tsakiyar aiki sai an kwashe kofin kafin a sake kunnawa.

Ainihin matsalar felet ce. Buhun da suke sayarwa laba 20 ne, wato kilo 9. A ƙaramar wuta yana cin kamar rabin kilo a awa, in ka ƙure shi ya wuce kilo ɗaya. Gashin ƙirji ɗaya na awa 10 zuwa 12 ya cinye maka fiye da rabin buhu. Ni ban taɓa ganinsa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a nan Bauchi ba, duk wanda na yi amfani da shi sai da na roƙi mai zuwa daga waje ko na sa aka nemo a Legas. Kuma garin katako ne zalla aka matse, ruwa ko raɓa ya taɓa shi sai ya kumbura ya farfashe. Daminar farko na bar saura a cikin akwatin, ya jiƙe ya bushe ya daskare a jikin murɗaɗɗen ƙarfen kamar siminti, yini guda na yi ina kwancewa. Ga shi Sallah yanzu a bakin damina take zuwa. Kada kuma wani ya ce maka ka zuba gawayi ko felet ɗin abincin kaji, ba ya ci. Ko felet ɗin da Turawa ke ɗumama ɗaki da shi ba a gasa abinci da shi, domin ba ka san irin katakon da aka haɗa ba.

Tsire kuwa, gaskiya bai iya ba. Tsakanin wutar da naman akwai faranti biyu na ƙarfe, iska mai zafi ce ke zagayawa, tanda ce mai hayaƙi. Yawancinsu iyakarsu digiri 260 na Salsiyos. Na gwada tsire sau uku, ya nuna, amma ƙuli-ƙulin bai soyu ba, babu wannan ɗan ƙonan gefe da ƙamshin kitse a kan garwashi. Inda ya yi zarra shi ne babban nama a ƙaramar wuta, digiri 110 zuwa 120, na tsawon sa'o'i. A nan kam ban taɓa cin kamarsa ba.

Ɗan Fawa, Bolari:

Alhaji Baban Ilham, Allah ya ja kwanan Baba. Ni ban san injin Amurka ba, amma a gidan fawa aka haife ni, tun ina shekara 9 nake tsaye a bakin tukuba. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ba rashin inji ne ya ɓata maka cinyar nan ba. Abu uku ne. Ka ɗauki naman da bai dace ba, ka ɗora shi a kan wuta, kuma ba ka rufe shi ba.

Ka je wurin duk wani mai tsire na gargajiya ka tsaya ka duba. Wutar tana tsakiyar tukuba, tsinkayen an kafa su a kewaye, a gefe suke shan zafi, ba a bisa harshen wuta ba. Siraran yanka ma ke nan. To ina ga cinya guda mai kauri? In wuta na ƙarƙashinta kai tsaye, dole baya ya ƙone kafin zafi ya isa ƙashi.

Sannan cinya tsoka ce zalla, ba ta da kitse a ciki, ta suya ce da kilishi da dambu. Naman da kake so wa tsoho shi ne mai jijiya da kitse, wanda in ya daɗe a wuta jijiyar take narkewa ta zama kamar romon ƙafa. A rago, kafaɗa da wuya da haƙarƙari. A saniya, ƙirji, amma gaba da kowa tozo. Wallahi in ka samu tozon bijimi mai ƙiba, Bunaji ko Bokolo, ka gasa shi a hankali, ko jariri mai haƙori biyu zai ci. Ƙirjin da ƙaninka ya nuna maka na shanun da aka turke aka ciyar da hatsi ne, kitse ya ratsa tsokar. Namu sun sha tafiya a daji, ƙirjinsu ya fi tauri da rashin mai, don haka ko injin ka kawo, ka sa masa ƙirjin saniyar kiwo yadda yake yi can, zai iya ba ka kunya. In za ka sayi ƙirji ka ce wa mahaucin na turkakke kake so, kuma kada ya fefe kitsen.

Kada ka gasa a ranar yanka. Iyayenmu da suke cin kayan ciki ranar Sallah su rataye sauran ya kwana ya sha iska, sun san abin da suke yi. Nama yana sanƙarewa bayan yanka, sai ya kwana yake saki.

Gawayi kuma ba duka ne gawayi ba. Ka nemi na ƙirya, wanda maƙera ke so, mai nauyi, in ka buga biyu suna ƙara kamar ƙarfe. Na marke ma yana da kyau. Mai sauƙin nan da ke tartsatsi, kafin awa ɗaya ya zama toka. In kana son ƙamshin hayaƙi ka jefa guntun busasshen icen mangwaro ko gwaba ɗaya ko biyu. Ban da darbejiya, ɗaci take sa wa nama. Ban da katakon da aka yi wa fenti ko ragowar na kafinta.

Yadda mu muke yi wa manyan mutane: a shafa gishiri da citta da masoro da tafarnuwa, a ajiye a gefen wuta har ya yi ja ya sha hayaƙi, sannan a naɗe shi da albasa da ɗan kitse da ɗan ruwa kaɗan a mayar gefe, a manta da shi. Yajin ƙuli sai an sauke. Da takardar buhun siminti muka taso muna naɗewa, amma ni yanzu na daina, foyil nake saya, domin ba na son ƙurar siminti a cikin abincin mutane.

Maman Sadiq, Federal Low Cost:

Sannu da ƙoƙari Baban Ilham. Akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba. Ka ce ko sabo ko wanda aka yi amfani da shi. Mutanen can babban abin da suke gasawa a irin wannan inji shi ne haƙarƙari da kafaɗar alade, kuma maiƙo yana shiga kowane lungu, faranti da raga da bututun da yake tsiyaya. In dai za a kawo, a kawo sabo a kwalinsa, hankalinka ya kwanta, na Baba ma ya kwanta.

Ni dai da ni ce, ƙananan kaya zan ce ya aiko. A gidanmu ni ce mai gashi, maigidan nama kawai yake kawowa, kuma abin da ya canza mini komai shi ne ma'aunin zafin nama, ɗan tsinken ƙarfe mai allo a kai. Da can kaza sai na tsaga cinya na duba, ruwan ya tsiyaye. Yanzu in na soka ya nuna 74 na san ta nuna, na sauke. Irin naman da kake so wa Baba kuwa sai cikinsa ya kai 90 zuwa 95, a nan ne tsinken zai shige kamar a cikin man shanu. Ka ce ya aiko guda biyu, mai sokawa a cire, da mai waya wanda ake bari a jikin naman allon yana waje. Ka ce mai nuna Salsiyos, kada ya ruɗe ka da lissafinsu na Amurka. Kuma in ka ga ya kai wajen 70 ya tsaya cak har awa biyu, kada ka ƙara wuta. Gumi naman yake yi, gumin yana sanyaya shi. Lokacin naɗewar da Ɗan Fawa ya faɗa ke nan.

Sai safar hannu mai jure zafi, da dogon awartaki na juya nama don ka daina soka shi da cokali mai yatsu. Akwai kuma wani gwangwani mai hannu da ake tayar da gawayi a ciki, ka cusa takarda a ƙasa ka kunna, cikin minti 15 zuwa 20 ya kama duka, ba kananzir ba leda. Wannan ma ba sai an aiko ba, na nuna wa wani maƙeri hotonsa ya yi mini da babban gwangwanin madara. Buroshin waya na goge raga kam kada ya sa, silin wayar yana karyewa ya maƙale a raga ya shiga nama, ga tsoho ga yara a gida. Rabin albasa nake sokawa a cokali in goge ragar tana da zafi.

In ruwa ya tsuge kuna cikin gashi, don Allah kada a ja murhun zuwa kicin ko gareji a rufe ƙofa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ta isa.

Injiniya, Fadaman Mada, Bauchi:

Hajiya ta yi gaskiya a kan ma'auni. Ina so in ƙara abu ɗaya don kada a ce na kushe injin. Abin da kake saya a jikinsa barci ne. Da gawayi sai ka riƙa leƙawa duk bayan awa, shi kuwa yana riƙe zafinsa har asuba. Wanda ke da sola tsayayya da hanyar samun felet a kai a kai, ba zai yi nadama ba.

Amma abin da injin yake yi wa nama, wato wuta a gefe, murfi a sama, zafi kaɗan na dogon lokaci, duro mai murfi yana yi. Shahararren murhun nan na Weber mai kama da ƙwarya biyu, George Stephen ya yi shi a 1952 ta hanyar raba wani ƙwallon ƙarfe na alamar kan ruwa gida biyu, ya sa ƙafafu da murfi da ƙofofin iska. Ba abin da mai walda a Gombe ba zai iya ba. Ka kai masa cikakken duro ya tsaga shi a kwance ya sa masa fatar ƙarfe irin ta ƙofa, rabi ya zama murfi. Ya huda ƙofar iska mai zamewa a ƙasa ta ɓangaren gawayi, ya sa ɗan bututun hayaƙi a sama ta ɗaya ɓangaren, inda nama zai zauna. Ƙofar ƙasan nan ita ce lambar da ƙaninka yake dannawa: ka buɗe zafi ya hau, ka tsuke ya sauka. Duron ya zama wanda aka zuba kayan abinci, ban da na maganin feshi ko sinadari, kuma ka babbake shi da itace har fentin ya tashi kafin nama ya shiga. Ragar kada ta zama farar wayar shinge mai ƙyalli, rufin da ke jikinta yana tashi a wuta. Rodi siriri ko sitenles.

Wajen zuba gawayi, ka tara wanda ba a kunna ba a gefe guda, ka juye ɗan kaɗan mai ci a kansa, zai riƙa ci a hankali yana gangarawa. Ka ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin naman ya tari maiƙo. Kuma ka daure wa leƙe, duk buɗewa zafi ne ke gudu.

Baban Ilham, Tumfure:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, ya jiƙan magabata. Ɗan Fawa, maganarka ta shige ni, domin yadda ka kwatanta haka na yi, cinya, ranar yanka, a kan wuta tsirara. Hajiya, batun na hannu ko kaɗan bai zo mini a rai ba, na gode ƙwarai.

Na yi magana da ƙanina jiya da daddare. Na ce ya bar injin tukuna, ya saka mini ma'auni biyu da safar hannu da awartaki da foyil mai kauri. Ya ɗan ji ba daɗi, ya so a ce Baba ya ci irin wanda yake ci, sai na karanta masa abin da Injiniya ya rubuta a kan felet da damina, ya yi shiru ya ce to. Mun yi da shi in na kammala haɗa solar gidan za mu sake duba maganar.

Yau da safe na kai duron man gyaɗa wurin mai walda a bakin titinmu, na zana masa ƙofar iska da bututun a ƙasa da tsinke, ya ce Alhamis. Ba zan jira Sallah ba, ranar Asabar zan yi gwaji da tozo, na riga na yi wa mahaucinmu magana ya ajiye mini na turkakke. Ɗan Fawa, tozo mai kamar kilo 2, in na sa shi bayan sallar asuba, zan same shi kafin la'asar? Baba bayan la'asar yake cin abincinsa a zaure.

Ɗan Fawa, Bolari:

Za ka samu, Alhaji, in sha Allahu. Ka naɗe shi wajen ƙarfe 10, ka duba da azahar. Tunda ma'aunin bai iso ba, ka soka tsinken tsire, in ya shige ba ka ji ya tokare ba, ya yi. In ka sauke kada ka buɗe, ka sa shi a kula ka rufe ya huta awa ɗaya, ruwan ya koma jikinsa. Ka yanka a gicciye, sirara, ka zuba masa romon da ke cikin foyil ɗin a kai. Yajin Baba kada ya yi barkono da yawa.